Sirrin Bujin Garba

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a gidan Alhaji Sule ba, kuma ko da na so in manta, waɗanda suka halarta ba su da niyyar ƙyale ni. A farkon shekarun tamanin ne, ina Greensboro ina karatun digiri na biyu a kan injuna. Mu Hausawan garin a lokacin ba mu kai mu cika falo biyu ba, don haka kowa da sunan da aka san shi da shi. Akwai Likita, wanda a gaskiya magungunan dabbobi yake karantawa, ni kuma Injiniya. Alhaji Sule ne ya raɗa mini sunan ranar da na fara zuwa gaishe shi, kuma in faɗa muku gaskiya, na fi ƙaunar sunan nan a kan wanda aka yanka mini rago saboda shi.

Alhaji Sule shi ne dattijonmu. Mutumin Gusau ne, yana koyar da aikin gona, kuma ya riga kowa zuwa ƙasar. Gidansa yana McLeansville, can gabas da gari inda gidaje suke warwatse a cikin gonaki. Kusan duk Asabar a can muke yini. Matarsa Hajiya Binta ta tuƙa tuwon masara, ta kaɗa miyar kukar da ake ɓoyowa a ƙasan akwati daga gida, mu kuma mu baje a kan darduma muna warware matsalolin Najeriya. Wanda Alhaji ya yaba a wannan zaman ya yabu, domin kafin Litinin labarin ya kai kunnen kowa.

Ina cikin cin duniyata da tsinke sai ga Garba ya sauka a garin.

Garba mutumin Maraɗi ne. Lodin kaya yake yi a wani sito a titin Wendover, bai yi boko mai nisa ba, Turancinsa ma rabi Faransanci ne rabi nuni da hannu. Amma ya yi shekara goma sha biyu a wani gareji a garinsu, mu kuwa duk tsofaffin motoci muke ja, irin waɗanda Turawa suka gama cinye musu ƙuruciya. Ya fara da motar Likita, wadda ta yi wata biyu tana mutuwa a gaban jar wuta. Ya ɗora tafin hannunsa a jikinta, ya karkata kai yana saurare, ya taɓa wani abu da sukudireba, mota ta miƙe. Daga ranar ba a sake yin hirar da sunansa bai fito ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutumin ba shi da aibin da zan kama. Ga ladabi, ga kunya, in an gode masa sai ya sunkuyar da kai ya ce yin Allah ne. (Na yi ta addu'a a raina ya yi alfahari ko da sau ɗaya ne, in samu abin faɗa. Bai yi ba.)

Ni kuwa, tunda na yi alkawarin faɗar gaskiya, ina iya cika allo da lissafin zafin da ke cikin silinda, amma ban taɓa buɗe bonet ɗin motata ba sai in zan zuba ruwa. Da tawa ta fara tari, matata Hauwa ta ce in kai wa Garba mana. Na ce mata ba a kai wa ɗan koyo aikin malami. Washegari na lallaɓa har Summerfield na kai wa wani Bature, don kada wani namu ya gan ni.

Ranar da abin ya kai mini wuya, muna tsakiyar cin tuwo Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, in ka gama zo ka ji mini motar nan." Na ajiye lomar da ke hannuna, har na fara miƙewa, sai na lura ba ni yake kallo ba, Garba yake kallo. Ya yi dariya ya ce, "A'a, kai zauna ka ci tuwonka. Kai ne na takarda, na hannu nake kira." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, irin wadda haƙora kawai ke yi. Tuwon nan ban san yadda ya wuce ba. Hassada ce zalla ta kama ni, ba ni da wani suna mai daɗi da zan ba ta.

Motar Alhaji tsohuwa ce mai silinda takwas, doguwa har ba ta shiga rumfar motarsa gaba ɗaya. A kan hanya lafiya lau take tafiya, amma da zarar ya tsaya sai ta kama kyarma, sitiyari na rawa, madubi na rawa, salansa na yin fut, fut, kamar mai shaƙuwa. Ya ce a Wendover in wuta ta tsayar da shi sai ya riƙa taka totur da birki tare don kada ta mutu, masu bayansa na danna masa oda.

Muka fita duka muka kewaye ta. Ni na tsaya a baya na harɗe hannu, wai ban damu ba, amma idona na kan kowane motsi na Garba. Ya sa aka tayar da ita. Ya saurara. Ya zagaya baya ya kara wata 'yar takarda a bakin salansa yana kallon yadda take kaɗawa, ya shinshina hayaƙin, ya dawo ya share hannunsa.

"Alhaji, ralantin ne ba shi zama daidai, silinda guda tana hwashi," in ji shi. "Bon, aikin buji ne. Yau ban taho da komi ba. Asabar in na tashi aiki ƙarhe ukku, sai in taho da buji in gani."

Alhaji ya ce Allah ya kai mu, ya kuma ce kowa ya zo, Hajiya za ta yi waina.

Ralanti na gane shi, shi ne abin da makanikanmu na Kano suke kira silo, wato zaman inji in mota na tsaye. Amma buji fa? Ban taɓa jin kalmar ba. Garba yana nan tsaye kusa da ni, da na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarsa. Abin da kawai zan ce shi ne, "Garba, mene ne buji?" Amma a ce Injiniya ya tambayi ɗan lodi a gaban Alhaji? Na gwammace in haɗiye harshena.

Ranar Litinin na tsallake darasi na tafi sashen harsuna, na hau bene uku na sami wata dattijuwar Baturiya mai koyar da Faransanci. Na ce mata wata kalma na ji a rediyo take ba ni sha'awa. Ban ambaci mota ba ko kaɗan, domin a haukata gani nake in na ambata labarin zai iya komawa kunnen Garba. (Yadda za a yi malamar Faransanci ta haɗu da mai lodin sito har su yi gulmata, wannan ban tsaya na tambayi kaina ba.) Ta sa na maimaita kalmar sau biyu, ta yi murmushi ta ce ai kyandir ke nan.

Kyandir! Na sauko daga benen ina juya abin, kafin in kai ƙasa na gina masa hujja. Ai inji in yana silo zuƙar iska yake yi da ƙarfi. In wani tiyo ya tsage, iskar da ba a gayyata ba za ta shiga, mai ya yi kaɗan, silinda ta riƙa fashi. To in ka kara harshen kyandir kusa da tiyon, iskar za ta ja wutar zuwa inda tsagar take. Na ce ashe wannan ne sirrin, dabarar ƙauye ce kawai wadda shi kansa bai san dalilinta ba, ni kuwa na san dalilin har da lissafinsa. Na cika shafi biyu da zane da kibiyoyi. A duk karatuna ban taɓa yin aikin gida da zuciya ɗaya irin wannan ba.

Kyandir ɗin da na samu a kanti irin na teburin cin abincin Turawa ne, dogo, ja, mai ƙanshin kirfa. Hauwa ta gan shi a cikin leda ta ce, "Malam, wuta za a ɗauke ne? A ƙasar nan?" Na ce mata harkar makaranta ce, ba za ta gane ba.

Ranar Asabar ni da Hauwa muka isa da ƙarfe ɗaya, awa biyu kafin Garba. Na sa farar kaftani da hula, domin na san ranar za a daɗe ana ba da labarinta. (Nan kam ban yi kuskure ba.) Bayan an yi azahar na gyara murya na ce wa Alhaji babu dalilin wahalar da bawan Allah nan bayan ya kwaso gajiyar sito, ni zan duba motar yanzu. Alhaji ya dube ni ta saman tabarau ya ce to bismilla.

Maza suka fito, mata suka leƙo ta tagar kicin. Likita ya shiga ya tayar da mota, ta kama kyarmarta. Na ɓata minti biyu ina laluben maɓallin bonet kafin wani ya nuna mini. Daga nan na yi musu lacca a kan iska da mai, na ga har Alhaji yana gyaɗa kai, zuciyata ta yi fari. Sai na zaro kyandir daga aljihu na ƙyasta ashana.

Abin da ban sa a shafi biyun nan ba shi ne fanka. A gaban injin akwai wata ƙatuwar fanka da ke juyawa muddin mota na kunne. Ina kai kyandir ƙarƙashin bonet, fuf, ta hure shi. Na sake kunnawa, ta sake hurewa. Na kare da tafin hannu, narkakken kyandir ya ɗiga mini a yatsa, na cije ban yi ƙara ba. Na juya baya na kare da jikina, hannun kaftanina ya sha ja. Wurin ya cika da ƙanshin kirfa da warin fetur. Na ƙyasta ashana ta kai goma, ba ka jin komai sai fut, fut ɗin salansa.

Alhaji yana da wani maƙwabci, tsohon manomin taba da ake kira Mista Dale, mutumin kirki mai yawan gaisuwa. Ya zo jikin shinge ya ga baƙaƙen mutane cikin dogayen riguna sun kewaye mota sun yi tsit, ɗaya a tsakiya riƙe da jan kyandir da rana tsaka. Sai bawan Allah ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya sunkuyar da kai. Alhaji ya gan shi, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Kai, mutumin nan fa ya ɗauka ibada muke yi. Me kake yi ne haka?"

Nan ne ya kamata in tsaya. Maimakon haka na ɗaga kyandir sama, na ɗaga murya yadda har na kicin za su ji, na ce, "Aikin buji ne, Alhaji. Ai ba Garba kaɗai ya san sirrin buji ba."

Ban rufe baki ba sai ga motar Garba ta shigo, ashe an sallame su da wuri. Ya fito da kayan aikinsa a jiki, ya hango wuta a hannuna kusa da kafireta. Ban taɓa ganin Garba yana gudu ba sai ranar. Ya zura hannu ta taga ya kashe motar, ya juyo ya hure kyandir ɗin da na samu ya kama da ƙyar.

"Subhanallahi, Injiniya, wuta kusa ga mai? Mi ya hwaru?"

Bai tsaya jin ta bakina ba. Ya koma motarsa ya ɗauko wata 'yar jakar takarda, ya zazzage ta a kan bonet ɗin motar Likita da ke gefe. Fulogi ne guda takwas, sababbi, suna ƙyalli. Ya ce, "Alhaji, ga bujin na taho da su."

Alhaji ya dubi fulogan. Ya dubi kyandir ɗin da ke hannuna. Ya sake duban fulogan. Sannan ya cire tabaransa ya ce, cikin natsuwar nan tasa ta malamai, "To, jama'a, a fitar da ni daga duhu. Wanne ne bujin?"

Likita ne ya fara fashewa, yana cikin mota ya kifa kansa a sitiyari har oda ta yi ƙara. Daga nan kowa ya ɗauka. Na ji dariyar Hajiya Binta daga kicin, na ji wani yana tari yana neman ruwa. Ni kuwa ina tsaye da jan kyandir a hannu, hannun riga ya ɓaci, na rasa inda zan ajiye shi, na rasa inda zan ajiye idona. Fulogi! Abin da ko direban tasi na Fagge ya sani, abin da na zana a jarrabawa har aka ba ni maki.

Garba kaɗai ne bai yi dariya ba. Na ga lokacin da ya gane abin da ya faru, na kuma ga ya ji mini kunya, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya ce wa Alhaji duka biyun buji ne, a Faransanci kalma guda ce, laifinsa ne da bai faɗa da Hausar Najeriya ba. Ya ƙara da cewa tsofaffin makanikai a garinsu suna neman tsagar tiyo da hayaƙi, don haka tunanina ba banza ba ne, wurin ne kawai bai dace da wuta ba. Yana ta ɗinke mini riga a gaban mutane, ni kuma a raina ina cewa ji shi, har rufin asirin ma ya fi ni iyawa.

Daga nan ya sa aka sake tayar da motar. Ya ɗauko filaya mai roba a hannu ya miƙo mini, ya ce in taimake shi tunda hannunsa da gumi. (Hannunsa a bushe yake, na gani.) Ya ce in cire wayar fulogi ɗaya in saurara, sannan in mayar. Na cire ta farko, injin ya ƙara rikicewa kamar zai mutu. Ya ce wannan tana aiki, shi ya sa aka ji rashinta. Na mayar na cire ta biyu, haka. Ta uku, haka. Da na cire ta biyar, babu abin da ya canza, kyarmar tana nan yadda take. Ya ce, "Wala, ga mai hwashin nan. Wadda an ka cire ba a ji rashinta ba, dama ba ta aiki." A yanayin da nake ciki sai na ji kamar da ni yake.

Aka kashe mota ya kwance fulogin. Bakinsa baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Ya lanƙwasa wayar ya nuna mana inda ta tsage wuta ke zurarewa. Ya canza fulogan duka, ya sa wata waya da ya zo da ita, ya ɗan taɓa sukurun silo. Da aka tayar, sai da na duba fanka kafin na yarda motar a kunne take. Alhaji ya ɗora kofin shayinsa a kan rufinta, shayin bai ko motsa ba.

Mista Dale, wanda duk wannan lokacin yana jikin shinge, ya mayar da hularsa ya ce wa Alhaji shi bai san addininmu ba, amma ya ga addu'ar ta karɓu da wuri. Alhaji ya fassara wa waɗanda ba su ji ba, aka sake sabuwar dariya. Wainar Hajiya ranar an ce ta yi daɗi. Ni ban sani ba.

A hanyar gida Hauwa ta yi ta danne dariya har muka fita daga gonaki muka hau babban titi. Ina ganin kafaɗarta na rawa. Can ta ce, "Malam, Babana fa shekara ashirin yana jan babbar mota Kano zuwa Damagaram. Tun ina 'yar firamare na san buji. Na tambaye ka kyandir ɗin na mene ne, ka ce ba zan gane ba."

Na ce mata ta bar ni in ji da tuƙi.

Kafin Litinin sunan ya kama ni: Malam Buji. Alhaji da kansa ya fara, sauran suka ɗauka, har wasiƙa na taɓa samu daga wani da ya koma Zariya an rubuta haka a bayan ambulan. Injiniya kuwa ya zama na Garba shi kaɗai, ba na takarda, ba na hannu. Da hannuna na miƙa masa sunan da nake tsoron ya ƙwace. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni buhu guda na kai masa har gona.

Zan so in ce daga ranar zuciyata ta wanke, amma ƙarya ne. Na ƙara wata uku ina jin zafinsa kafin na fara zuwa wurinsa ranar Lahadi ina riƙe masa fitila, ina tambayar sunan kowane ƙarfe da Hausa biyu. Da na kammala karatu aka ba ni takardar da ta ce ni injiniya ne, duk suka zo taya murna, kowa na cewa barka Malam Buji. Garba ya zo a makare daga sito, ya kama hannuna da nasa biyu ya ce, "Barka, Injiniya." Sai a lokacin na lura cewa a duk Greensboro shi kaɗai ne bai taɓa kira na da ɗaya sunan ba.

Abin da na koya bai da yawa. In har ka ƙudura sai ka yi wa mutum hassada, to ka daure ka fara tambayarsa ma'anar maganarsa tukuna. Kunyar tambaya minti ɗaya ce, tawa kuwa ga shi jikokina ma sun san labarin.